Zaman Tare a Lokacin Annoba: Yadda Ɗaliban Jami'a a Gombe Suka Saba da Rayuwar Makaranta Bayan Korona

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda ɗaliban jami'a a birnin Gombe suka koma karatu bayan rufe makarantu na shekarar 2020. Ta nuna cewa abin da ya riƙe su shi ne taimakekeniya a tsakaninsu, wadda dokokin kariya ba su yi la'akari da ita ba.

Gabatarwa

An tabbatar da ɓullar korona a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. A watan Maris gwamnatin tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. A wannan watan ne kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta amince a koma aji daga 18 ga Janairu, 2021. Ke nan ɗalibin jami'ar gwamnati ya shafe kusan wata goma a gida, annoba da yajin aiki sun haɗe masa goma da ashirin.

Waiwaye

Wasu daga cikin rubuce-rubucen da aka yi kan wannan batu sun auna juriyar ɗalibi da yadda ya iya karatu ta intanet. Wannan ma'auni ya dace da Ingila ko Amurka, inda darasi ya koma kwamfuta cikin makonni kaɗan. A nan kuwa malamai suna yajin aiki, ɗalibai da yawa sun koma garuruwa irin su Dukku, Nafada da Ɓalanga, ga tsadar data, ga rashin wuta. Wanda ya tambayi irin wannan ɗalibi yadda ya ji da Zoom ya bar jaki yana dukan taiki. Tambayar da ta kamata ita ce: da ya dawo, yaya ya rayu?

Hanyar Bincike

An bi sanarwar gwamnati da rahotannin jaridu, an kuma tattauna da ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, musamman masu haya a unguwar Tudun Wada.

Sakamako

Dokokin komawa makaranta a lokacin su ne: takunkumi, wanke hannu da ba da tazara. Takunkumin atamfa bai yi wuya ba, domin teloli sun wadata gari da shi. Tazara ce ta gagara. A ɗakin haya, ɗalibai suna kwana kan katifu a jere, tukunya ɗaya ke ci da su, buta ɗaya ke zagayawa lokacin alwala. Ruwan wanke hannu ma na saye ne daga 'yan ga-ruwa, kuma karo-karo ake yi a sayi jarka.

Abin lura shi ne wannan cuɗanyar ce ta cece su. Wanda mahaifinsa ya yi asara a kasuwa lokacin kulle ya ci daga tukunyar abokin zamansa. Da aka matse zangon karatu don cike giɓi, wakilan aji suka mayar da zaurukan WhatsApp allon sanarwa. Mai data ya sauke darasi, ya tura wa mutum goma ta Xender ba tare da an kashe ko kwabo ba. Wata ɗaliba ta ce a wayar ƙawarta ta yi bitar jarrabawar zangon gaba ɗaya.

Akwai kuma batun ɓoye rashin lafiya, inda ɗalibai suka ambaci tsoron killacewa. Ba su manta da watan Mayun 2020 ba, lokacin da masu korona da aka killace a cibiyar Kwadon suka fito kan titi suna zanga-zanga. Mai zazzaɓi yakan fara gaya wa abokin ɗaki kafin ya tunkari asibiti.

Iyakoki

Gaskiya ne binciken bai kai Jami'ar Tarayya ta Kashere ba, bai kuma ji daga waɗanda ba su dawo ba, kamar ɗalibai mata da aka aurar. Wannan bai rushe abin da aka gano ba.

Kammalawa

Kwalara da zazzaɓin Lasa ba baƙi ba ne a arewa maso gabas, kuma wata annoba za ta zo. Hukumomin jami'o'i su fara tanadin ruwa a wuraren kwanan ɗalibai, su kuma horar da wakilan aji da abokan ɗaki kan alamomin cuta, domin su ne ke fara sanin wanda ya kwanta.