Nukiliyotaid: sinadaran da ke buɗe jijiyar jini, su kuma tsuke ta

Nukiliyotaid ƙananan sinadarai ne da ake samu a cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam. Su ne tubalan ginin DNA, wato kundin gadon halitta, kuma ɗaya daga cikinsu, ATP, shi ne makamashin da tsoka da ƙwaƙwalwa ke aiki da shi. Sai dai suna da wani aikin da ya shafi hawan jini kai tsaye: da zarar sun fito wajen ƙwayar halitta, sai su zama 'yan aike masu kai saƙo ga jijiyoyin jini.

Tun a 1929 wasu masana biyu a Ingila, Drury da Szent-Györgyi, suka lura cewa sinadaran wannan dangi suna rage saurin bugun zuciya, suna kuma saukar da matsin jini a jikin dabbobi. A 1972 Geoffrey Burnstock ya kawo hujjar cewa jijiyoyin da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa suna amfani da ATP a matsayin saƙo. An daɗe ana yi wa ra'ayin nasa kallon shaci-faɗi, sai a farkon shekarun 1990 aka tantance ainihin makarɓan saƙon, waɗanda ake kira P2X da P2Y.

Abin lura shi ne, sinadari ɗaya na iya yin ayyuka biyu masu karo da juna, ya danganta da ɓangaren da ya fito. Idan ATP ya zo daga jijiyoyin umarni da ke kewaye da jijiyar jini, tsokar bangonta yake sa wa ta tsuke, matsin jini ya hau, kamar yadda ruwa ke ƙara ƙarfi in an matse bakin tiyo. Idan kuwa daga ciki ya fito, alal misali daga jajayen ƙwayoyin jini sa'ad da iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ya taɓa siririyar shimfiɗar da ta lulluɓe cikin jijiyar. Ita kuma ta saki iskar nitirik oksaid, wadda ke sa tsokar ta haɗa wani nukiliyotaid mai suna cGMP, shi ya sassauta ta, hanya ta buɗe.

Lafiyar wannan shimfiɗa ita ce kan magana. Taba da ciwon sukari da yawan kitse a jini da kuma hawan jinin kansa duk suna lalata ta. Idan ta lalace, saƙon da ya kamata ya buɗe jijiya yana iya tsallakawa zuwa tsoka ya tsuke ta. Haka nan shimfiɗar ce ke narkar da ADP, ɗan'uwan ATP, wanda ke kiran ƙwayoyin da ke daskarar da jini su taru su manne. A kan rauni wannan rahama ce, amma a jijiyar da kitse ya riga ya cushe, gudan jinin na iya toshe hanyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, ya jawo ciwon zuciya na farat ɗaya ko shanyewar ɓarin jiki.

Maganin clopidogrel, da likitoci ke rubuta wa irin waɗannan majinyata, makarɓin ADP mai suna P2Y12 yake toshewa. Shi ya sa dakatar da shi ba da izinin likita ba ke da haɗari, musamman ga wanda aka sanya wa ƙarfen buɗe jijiyar zuciya.

Akwai kuma gargaɗin da bai kamata kunya ta hana faɗinsa ba. Sildenafil, maganin ƙarfin maza da aka fi sani da Viagra, yana hana jiki rushe cGMP, alhali magungunan ciwon ƙirji irin su nitroglycerin ƙara yawansa suke yi. Haɗa su biyun na iya faɗar da matsin jini warwas, har ya kai ga suma ko rasa rai.