Gidajen abinci a Fadan Kagoma da Kafanchan: asalinsu, cimarsu da matsayinsu a zamantakewa

A kudancin Jihar Kaduna, gidan abinci ba kasafai yake da allon suna ba. Galibi rumfa ce ta kwano, da benci biyu ko uku, da tukwane a kan murhu, kuma da sunan mai girkin ake kiran wurin. Duk da haka, waɗannan rumfuna suna cikin wurare ƙalilan da manomi da direba da malamin makaranta, Kirista da Musulmi, suke zama kafaɗa da kafaɗa a kowace rana. Wannan bayani ya duba yadda suka samo asali a yankin Fadan Kagoma da Kafanchan, da abin da ake ci a cikinsu, da dalilin da ya sa jama'a suke riƙe da su hannu bibbiyu.

Yankin da mutanensa

Fadan Kagoma tana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma ita ce cibiyar masarautar al'ummar Gwong, waɗanda Hausawa suka fi sani da Kagoma. Sarkinsu yana riƙe da sarautar Kpop Gwong. A garin aka haifi marigayi Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya zama gwamnan Kaduna a 2010, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Jihar Bayelsa ranar 15 ga Disamba, 2012, aka kuma binne shi a mahaifarsa.

Garin yana kan hanyar da ta haɗa Kafanchan da Kwoi, don haka rayuwarsa ta kasuwanci a ɗaure take da Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar. A can ake haɗuwa da Fantswam, da Bajju, da Kaninkon, da Kagoro, da Atyap, da Ham, tare da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarabawa. Kowa da harshensa na gida, amma da Hausa ake ciniki, da ita ake yin odar abinci, da ita kuma ake musu a kan benci.

Yadda jirgin ƙasa ya kawo sana'ar

Tarihin sayar da dafaffen abinci a yankin ba ya rabuwa da layin dogo. Zuwa 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, inda layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya haɗu da na Kaduna da na Jos. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga sassan ƙasar nan, yawancinsu ba tare da iyali ba. Wanda ba shi da mai dafa masa a gida kuwa, dole ya nemi inda zai saya.

Kowane rukuni ya zo da cimarsa. Mutanen kudu suka kawo teba da sakwara da miyar agushi. Hausawa suka zo da tuwon shinkafa da masa da ƙosai da tsire. Matan Fulani suna shigowa daga rugage da nono da kindirmo. 'Yan ƙasa kuma suna da acca da doya da gwaza da ganyayen miya. Ko da zirga-zirgar jirgin ta ja baya a shekarun baya, sana'ar ba ta mutu ba. Ta koma tashoshin mota, da bakin kasuwanni, da kewayen asibiti, da ƙofofin makarantu irin su Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan.

Abin da ke cikin tukunya

Idan akwai abincin da ya zama tambarin kudancin Kaduna, to faten acca ne. Acca hatsi ce mai ƙananan ƙwayoyi, tana yi a ƙasar da ba ta da ƙarfi, tana kuma nuna da wuri, shi ya sa tun da can take ceton magidanta kafin sauran amfanin gona ya iso. Wahalarta tana wajen surfe da rairaya, domin raba ta da yashi aiki ne na haƙuri. A nan ake gane gwanar mai abinci: wadda aka ci fatenta ba a tauna tsakuwa ba, ba ta rasa masu dawowa.

Ana dafa faten da ruwa-ruwa, a zuba yakuwa da alayyafo da gauta da dakakkiyar gyaɗa, wasu su ƙara wake ko ƙashi mai ɓargo. Inda acca ta yi tsada, sai a yi da tsakin masara. Ana kuma tuƙa tuwon acca a ci da miyar karkashi ko ta riɗi ko kuɓewa. Masu ciwon suga da dama suna neman acca, abin da ya ƙara mata kasuwa har a manyan birane.

Sana'ar tana bin sa'o'in yini. Da asuba mai shayi da mai ƙosai da mai kunu ne suke tarbar direbobi da masu sammakon gona. Da hantsi zuwa azahar rumfunan tuwo da shinkafa da wake suke cika. Da yamma kuma sai a kewaye tukubar mai tsire. A kusan duk waɗannan akwai citta, wadda ake nomawa da yawa a Jama'a da Jaba da Kachia da Kagarko: tana cikin shayi, tana cikin kunun zaƙi, tana cikin yajin nama da farfesu.

Abin da ya sa ake taruwa

Dalili na farko shi ne amana. Mai abinci ta san wanda albashinsa bai shigo ba da wanda bai sayar da cittarsa ba tukuna, takan kuma ba da bashi a rubuta a littafi har ƙarshen wata ko lokacin kaka. Ɗalibin da kuɗinsa ya gaza yakan samu gyara a kwanonsa. Wannan hulɗa takan ɗauki shekaru, har ta zama kamar zumunci.

Na biyu, rumfar abinci dandalin labari ce. A nan ake jin farashin buhun citta da na taki, da halin da hanya take ciki, da wanda ya rasu da wanda zai aurar. Dillali da manomi sukan ƙulla ciniki kafin su wanke hannu. Matafiyi yakan bar saƙo ko ajiya a wurin mai shayi, ya tabbata zai isa ga mai shi.

Na uku, sana'ar mata ce a mafi yawan lokuta. Da ribar tukunya da kuɗin adashe mata da yawa, ciki har da zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu, suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Rumfa guda tana ciyar da mai kawo itace, da mai ga-ruwa, da mai niƙa, da 'yan mata masu wanke-wanke.

Iyakokin da kowa ya sani

Ba kowane wuri ne na kowa ba. Kafanchan tana da babbar kasuwar aladu da ake zuwa daga nesa, kuma a ƙauyuka akwai gidajen burkutu, waɗanda Musulmi ba sa shiga, haka ma Kiristoci da dama da cocinsu ya hana shan giya. Mutanen yankin sun daɗe da sanin waɗannan iyakoki, suna kuma mutunta su. Mai abincin da take son kowa ya ci nata takan sayi nama daga mahautan Musulmi, ta kuma bari a san haka. Shayi da ƙosai da masa da tsire da fura kuwa, ba a tambayar addinin mai saye.

Muhimmancin wannan yana fitowa idan aka tuna abin da yankin ya gani. Rikicin Maris 1987 ya faro ne daga Kwalejin Ilimi a Kafanchan kafin ya bazu zuwa wasu garuruwan jihar. A rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011 an ƙona kasuwar garin, aka yi asarar rayuka da dukiya, mutane da yawa kuma suka ƙaura zuwa unguwannin da masu addininsu suka fi yawa. A Maris 2016 wakilan al'ummomin ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, amma kafin ƙarshen shekarar sai da gwamnati ta kafa dokar hana fita a Jama'a da maƙwabtanta saboda sabbin hare-hare.

A duk lokacin da aka shiga irin wannan hali, masu abinci ne suke fara ji a jikinsu, domin jarinsu na yini guda ne, kuma abin da aka dafa ba ya jiran a ɗage doka. Idan ƙura ta lafa kuma, su ne kan gaba wajen komawa bakin hanya. Inda unguwanni suka rabu, benci a tasha ko a kasuwa yakan zama wurin da tsofaffin maƙwabta suke sake gaisawa.

Ƙalubalen yau

Matsalar da ta fi damun sana'ar a yanzu ita ce tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023 kuɗin sufuri ya tashi, kuma alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A damina ta 2023 kuma wata cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta ruɓar da amfanin manoma masu yawa. Manomin da ya yi asara shi ne mai cin bashi a rumfa, don haka asarar gona ta biyo shi har cikin littafin mai abinci. Wasu sun rage girman malmala, wasu sun daina sa nama sai an nema, wasu kuma sun rufe.

Akwai kuma batun tsabta. Yawancin rumfunan sun dogara da rijiya ko ruwan saye, kuma kula da su yana hannun jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma. Samar da ruwa mai tsabta a tashoshi da kasuwanni, da ƙananan rance ga mata masu sana'ar, da tsaron hanyoyin da ake kawo amfanin gona, su ne abubuwan da za su sa tukwanen nan su ci gaba da tafasa a Fadan Kagoma da Kafanchan.