Daga Ƙafar Keke Zuwa Hannun Mai Zikiri

A shekarar 1895 wani injiniya ɗan Amurka, Curtis Veeder, ya ƙera ƙaramar na'ura da ake ɗaura wa keke domin ta ƙirga nisan tafiya. Sirrinta yana cikin faya-fayan da ke jere, kowanne da lambobi daga 0 zuwa 9. Idan na farko ya cika zagaye guda, sai ya tura maƙwabcinsa taki ɗaya. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Blaise Pascal ya sha fama da ita a Faransa tun 1642. Kamfanin Veeder ya haɗe da na Root a 1928, na'urorinsu suka yawaita a masaƙu da famfunan fetur. Daga wannan zuriya ƙaramar na'urar hannu da ake dannawa ta fito, wadda masu zikiri da dama suka mayar madadin carbi.