Daga Fanisau zuwa Falgore: yadda aka jera ire-iren malam-buɗe-littafi

A ƙarshen shekarar 1919 wani Bature ɗan Sikotlan, Kyaftin Angus Buchanan, ya kafa tanti a Fanisau, arewa da birnin Kano. Attajirin nan Lord Rothschild ne ya aiko shi ya tattaro tsuntsaye da dabbobi da ƙwari don gidan adanarsa na Tring a Ingila. Daga Kano ya nufi Damagaram, ya ratsa Damargu, ya isa Agadas da duwatsun Azbin. A 1921 Rothschild ya buga jerin malam-buɗe-littafin da aka kamo, kowanne da sunansa da wurin da aka same shi.

Aikin na masu haƙuri ne. Da raga ake kama malam-buɗe-littafi, a sa a takarda mai kusurwa uku, a rubuta gari da kwanan wata. Daga baya a kafe shi da allura, a baje fukafukansa, a gwada da waɗanda aka riga aka sani. Wanda ba shi da wannan rubutu ba ya shiga lissafi, komai kyansa.

Tushen tsarin ya girmi Buchanan nesa ba kusa ba. Tun 1758 Linnaeus na Suwidin ya kafa ƙa'idar ba kowace halitta suna biyu da Latin. A 1898 ɗan ƙasarsu Aurivillius ya haɗa ire-iren malam-buɗe-littafi na Afirka kudu da Sahara a littafi guda. Nijeriya ta samu nata daga 1957, lokacin da Boorman da Roche suka fara fitar da littattafansu a Ibadan. Sai 2005 Torben Larsen, ɗan Denmak, ya kammala juzu'i biyu a kan Afirka ta Yamma, masu ɗauke da iri kusan 1,500.

Mafi yawansu na kurmin kudu ne, kuma can masana suka fi tarewa. Duwatsun Oban kaɗai suna da iri kusan 1,000. Na Arewa ba su kai haka ba, amma kowanne yana bin tsironsa. Duba bayan ganyen tumfafiya a gefen gona a Ƙofa ko Kiru, za ka iya ganin tsutsa mai zanen fari da baƙi da rawaya. Ita ce ke zama mai ruwan goro ɗin nan da ke yawo ko da rani.

Shi ya sa Dajin Falgore, da ya ratsa Tudun Wada da Doguwa, ya cancanci kulawa: ruwan sama ya fi yawa a can, itatuwa sun fi kauri, don haka jerin Fanisau ba zai wakilce shi ba. Yau kuwa ba sai an kashe ko ɗaya ba. Hoton waya da aka ɗora a manhajar iNaturalist, da wuri da rana, sau da yawa yakan isa masana su tantance, kuma ɗalibi a Bebeji na iya ƙara layi a jerin ƙasarsa.