Kanwar Munyo da asid nitirik: tarihin kalma ɗaya da ta rabu biyu

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu jawo hankalin masu ƙirƙira kalmomin kimiyya da Hausa kan wani tarko da ke cikin kalmomin Faransanci guda biyu, watau nitre da natron. Za mu fara da Gure, don can ne ɗaya daga cikin abubuwan biyu yake a gida.

Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Gure a watan Disamba 1852, bisa hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, garin shi ne babban birnin Munyo, Kosso kuma yake sarauta. Arzikin ƙasar yana cikin kwaruruwanta, inda ruwa ke ƙafewa da rani ya bar gishiri da kanwa. Fatake suna ɗaukar kanwar har Kano da gaba da Kano: a ba dabbobi, a sa wa taba, a dafa wake, a dama kunu. Ita ce Faransawa ke kira natron.

Kalmar kuwa tsohuwa ce ƙwarai. Misirawan dā sun ce mata ntrj, suna haƙo ta a kwarin da ake kira Wadi Natrun har yau. Girkawa suka ara suka ce nitron, Rumawa nitrum, Larabawa naɗrun. Duk kanwa ake nufi. Sai da albarushi ya shiga Turai, daga ƙarni na 13, sannan sunan ya soma gocewa zuwa wani farin gishiri daban, salpêtre, wanda ake haɗawa da gawayi da farar wuta. Da nitre ya tafi can, kanwa ta rasa suna, dole Faransanci ya sake aro natron daga Larabci a ƙarni na 17. Ita ma kalmarmu albarushi ta yi irin wannan tafiya: daga al-barud take, wadda a wurin Ibn al-Baiɗar (ya rasu 1248) sunan gishirin ne shi kaɗai. Maƙeran sarki Tanimu na Damagaram (1851-1884), da suka ƙera igwa suka haɗa albarushi, ba su yi ruɗun da littattafai suka yi ba, don kanwa ba ta tashin bindiga.

Daga wannan gishiri na biyu ne masu alkimiyya suka tatso wani ruwa mai cin ƙarfe, eau-forte. A 1787 Lavoisier da abokansa suka raɗa masa acide nitrique, a 1790 kuma Chaptal ya ƙirƙiri nitrogène. Ga abin mamaki ga mai nazarin harshe: N da ke cikin HNO3 da Na, alamar sodiyom da ke cikin kanwa, kakansu ɗaya.

Amma dangantakar ta tsaya a suna. Kanwa kishiyar asid ce. In an zuba mata shi kumfa take yi, ta kashe masa kaifi. Shi kuwa asid nitirik na kasuwa, mai ƙarfin kashi 68 cikin 100, yana narkar da azurfa da jan ƙarfe, ya bar zinariya. Shi ya sa maƙeran fari da dillalan zinariya ke goga ƙarfe a baƙin dutse su ɗiga masa: in zanen ya ɓace, jabu ne. Sai an gama shi da asid kuloridirik, awo ɗaya da awo uku, yake cin zinariyar. A ɗakin gwaji ana narkar da ƙasa ko dutse da shi kafin a auna ƙarafan da ke ciki.

Haɗarinsa iri uku ne, na ukun ya fi damunmu. Yana ƙona fata ya bar tabo rawaya. Yana iya tada wuta in ya haɗu da tsumma, ko garin katako, ko alkwal. Sannan in yana cin ƙarfe yana fitar da jan hayaƙi mai duhu. Wanda ya shaƙe shi a ɗaki rufe yana iya tafiya gida lafiya lau, bayan awoyi huhunsa ya cika da ruwa. In za a surka shi, asid ake zubawa cikin ruwa sannu-sannu, ba a zuba masa ruwa. In ya taɓa jiki ko ido, a yi ta kwarara ruwa, minti 15 ko fiye, a nufi likita.

Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, ake neman kalmomin koyarwa da Hausa, kuma mu kanmu muna cikin masu cewa a fara duba na gida kafin aro. A nan dai mun ja da baya. Mai fassarar da ya buɗe tsohon ƙamus, ya ga nitre kusa da natron, yana iya rubuta "ruwan kanwa". To, ruwan kanwa kowane yaro a Gure ya ga uwarsa ta jiƙa shi a ƙwarya ta zuba a tukunya. Shawararmu ita ce a bar aron yadda yake, asid nitirik, a rubuta HNO3 kusa da shi a jikin kwalba, gishirin kuma a ce masa gishirin albarushi.