Yadda Jami'o'i Suka Fara Bin Ɗalibai Har Ƙofar Gida

A da, duk mai son digirin Ingila ko Amurka sai ya ɗaura kayansa ya haye teku. Jami'a tana nan inda aka kafa ta, ɗalibi ne mai tafiya. Akwai 'yan ƙalilan da suka saɓa wa wannan tsari, kamar cibiyar da Jami'ar Johns Hopkins ta buɗe a birnin Bologna na Italiya a 1955, amma ta tsirarun masu karatun hulɗar ƙasashe ce. Sai a shekarun 1990 lamarin ya juye, kuma ba son ilimi kaɗai ya juya shi ba. Talaucin aljihu ne.

Malesiya ce ta fi nuna haka. Ƙasar ta daɗe tana tura dubban 'ya'yanta Birtaniya da Ostireliya. A 1996 ta yi dokar da ta share wa manyan makarantu masu zaman kansu hanya, shekara guda bayan nan kuma tattalin arzikin yankin Asiya ya durƙushe. Dalar da ake saya ringit biyu da rabi ta haura ringit huɗu. Uban da ya yi lissafin kuɗin makarantar ɗansa a Melbourne ya wayi gari lissafin ya kusa ninkawa. Cikin wannan ƙunci Jami'ar Monash ta buɗe reshe kusa da Kuala Lumpur a 1998, Curtin ta sauka a garin Miri a 1999, Nottingham ta biyo a 2000. Cinikin a fili yake: takardar shaida iri ɗaya da ta uwar jami'a, kuɗi ƙasa da na can nesa ba kusa ba, ga shinkafar gida, ga masallaci a kusa.

Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka ɗauki abin ta hanyoyi biyu. Ƙatar ta buɗe baitulmali: ta gina unguwar ilimi a gefen Doha, ta gayyato jami'o'in Amurka kowacce da fannin da ta ƙware, ta ɗauki nauyinsu. Cornell ta zo da likitanci a 2001, Texas A&M da injiniyanci a 2003, Carnegie Mellon a 2004, Georgetown a 2005. Dubai kuwa kasuwa ta buɗe. Ta ware wuri, jami'a ta kama haya, ta nemi ɗalibanta da kanta. Heriot-Watt da Middlesex sun shiga a 2005, akasarin masu cika azuzuwansu kuma 'ya'yan baƙin ma'aikata ne, Indiyawa da 'yan Pakistan da Larabawan maƙwabta, waɗanda jami'o'in gwamnatin ƙasar ba dominsu aka yi su ba. Yarinyar da mahaifinta ba zai taɓa barin ta tafi Landan ita kaɗai ba, sai ga ta tana karatun digirin Landan, tana dawowa gida kafin magariba. A ganina wannan ce babbar nasarar tsarin, kuma ba a cika ambatonta ba.

Sai dai ba kowane reshe ne ya kama ƙasa ba. Jami'ar New South Wales ta buɗe a Singapore a 2007, ta sa ran ɗalibai 300, ta samu 148, ta rufe bayan zango ɗaya tak. George Mason ta fice daga Ras al-Khaimah a 2009, Michigan State ta rufe karatun digirin farko a Dubai a 2010. Shugabannin da suka yanke hukuncin suna can ƙasarsu a zaune. Ɗalibin da ya biya kuɗi, ya kama ɗaki, shi aka bari da neman inda za a karɓi darussan da ya riga ya ci.

Daga nan ne aka fara tambayar da ya kamata a fara da ita tun farko: shi ɗalibin, me ya gani? Binciken da Stephen Wilkins da abokan aikinsa suka yi a rassan Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya nuna cewa abin da ke gamsar da ɗalibi shi ne nagartar malamai, da wadatar kayan karatu, da amfani da fasahar zamani yadda ya kamata. Suna ne ke jawo mutum ƙofa, amma bayan ya shiga, malamin da ke gabansa yake kallo. Shin mazauni ne da za a iya ƙwanƙwasa masa ofis ranar Laraba, ko kuwa wanda jirgi ke kawowa ya zazzage darasin wata uku cikin mako biyu ya koma? Ƙasidar talla mai hoton hasumiyar uwar jami'a ba ta amsa wannan.

Afirka ma ta samu rabonta. Monash ta buɗe a Afirka ta Kudu a 2001, ta sayar da reshen a 2019. Carnegie Mellon ta kafu a Kigali a 2011, Lancaster a Accra a 2013. Iyayen Kano da Kaduna da suka tura 'ya'yansu Malesiya ko Dubai sun san lissafin da uban can na 1997 ya yi, musamman tun da naira ta faɗi warwas a 2023, Birtaniya kuma ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyalansu daga Janairun 2024.

Yanzu tafiyar ba daga Yamma kaɗai take fitowa ba. Indiya, wadda ta fara karɓar rassan Ostireliya a jihar Gujarat a 2024, ita kanta ta riga ta buɗe reshen cibiyar fasaha ta Madras a Zanzibar a 2023. Haɗarin kuma bai gushe ba, ko a inda kuɗi ya wadata. A Fabrairun 2024 majalisar gudanarwar Texas A&M ta kaɗa ƙuri'ar rufe reshenta na Doha nan da 2028, bayan ya shafe sama da shekara ashirin yana horar da injiniyoyi. Waɗanda ke ciki za su kammala, amma ƙannensu da suka ci burin shiga sai su nemi wata ƙofar.