Dorugu, yaron Dambanas

A ƙarshen shekarar 1852, Heinrich Barth, Bajamushen nan mai yawon bincike da ake kira Abdul Karim, ya sauka Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa Tumbutu. Cikin masu yi masa hidima akwai wani ɗan yaro, Dorugu, haifaffen Dambanas kusa da Kance. Mahara ne suka kama shi aka sayar da shi a Barno, daga baya Overweg, abokin tafiyar Barth, ya ƴanta shi. A ma'aunin wancan zamani, wanda ya taɓa zama bawa ba a jiran komi daga bakinsa.

A 1855 Barth ya tafi da shi Turai. A Ingila ya haɗu da Schön, malamin mishan mai nazarin harshen Hausa. Dorugu ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, shi kuwa yana rubutawa. Schön ya dogara da wannan magana wajen nahawunsa na 1862, ita ce kuma ta cika babban kaso na littafin Magana Hausa na 1885.

Sunan Schön ne a bangon littafin, amma harshen na Dorugu ne. Attajirai masu manyan riguna da yawa na wancan zamani, ko sunansu bai iso gare mu ba. Yaron da aka taɓa yi wa farashi a kasuwa, shi ne maganarsa ke cikin rubutun Hausa na farko-farko da harufan boko, kuma masana tarihi na komawa gare ta.